Haƙoran Maryuri

Abin da aka yi wa bakin Maryuri a kan idona aka yi shi, don rumfata tana kallon ƙofar gidansu ne, titi kawai ya raba mu. Cholado nake sayarwa, in kankare ƙanƙara in lafta mata mangwaro da abarba da madara, kuma wadda ta shekara ashirin tana wannan sana'a a gabashin birnin Cali ta san bakin kowa a unguwa. Na san mai kogon haƙori, na san mai na roba. Amma irin na Maryuri ban taɓa gani ba, a jere reras, farare tas, ga ƙarfi. Ƙanƙarar da wasu ke tsotsa ita taunawa take yi ƙurus-ƙurus tana dariya, tana ce mini a garinsu Guapi da haƙori suke yage ɓawon kwakwa.

Mijinta Wilmar ba likita ba ne, ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Ya sayar da rigunan waya, ya yi acaɓa, duk ba su karɓe shi ba. Rannan sai ga shi da wani kwali, ciki da shuɗiyar fitila da robar wangale baki da sirinjoji cike da man bilicin ɗin haƙori. Ya kafa tsohuwar kujerar aski a falon uwarsa, Doña Eufemia, ya sa farar riga, kafin wata ya ƙare yaran unguwa sun fara ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa ba kunya.

Mai wannan sana'a ba ya samun mutane sai ya nuna musu baki mai dauɗa da ya koma fari a gabansu. Wilmar ba shi da bakin da zai nuna, sai ya waiwayo kan na matarsa. Matsalar ita ce nata fari ne tun asali, don haka sai an fara ɓata shi. Laraba da Alhamis Maryuri takan yini tana guntsar baƙar gahawa mai kauri da aka dama da kurkum, ta riƙe a baki har kumatunta su gaji, ba ta da izinin goge baki. Ran Juma'a ya ɗauki hoton haƙoran sun yi ɗorawa. Ran Asabar da hantsi ya jingine wayarsa, ya kwantar da ita a kujera, ya wangale mata baki da roba, ya shafa man, ya kunna fitila, jama'a suna kallo kai tsaye a wayoyinsu. Bayan awa ɗaya ya wanke, ya ce, "Yi musu murmushi, sarauniyata." Har faɗa yake yi a wayar, wai a kan baƙar fata irin tata farin ya fi fitowa.

Mutane suka yi ta tururuwa. Ba zan ɓoye ba, ni ma na je na kwanta a kujerar nan sau ɗaya, na kwana biyu haƙorana suna tsuka, sannan suka lafa. Har ƙawayena na tura masa. Mu sau ɗaya aka yi mana. Ita kowace Asabar ake yi mata, domin masu kallo ba sa son tsohon hoto, kuma ban taɓa zama na yi tunanin wannan ba sai da ta zo rumfata a wata na uku.

Ta ce in haɗa mata cholado amma kada in sa ƙanƙara. Na yi dariya na ce ai wannan ya tashi daga cholado ya koma kwanon 'ya'yan itace. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki yankan mangwaro ɗaya ta kai can ƙuryar baki, tana taɓa shi sai ta runtse ido, hawaye suka zubo mata. Ta ce ji take kamar ana soka mata allura daga haƙori har tsakar ka. Ta ce ruwan famfo ma sai ta ajiye shi a rana ya yi ɗumi kafin ta iya kurɓa, kuma in za ta ba 'yarta Saray miya ba ta iya hura mata, sai dai ta fifita da murfin tukunya. Saray shekararta biyu a lokacin.

Da yamma Wilmar ya fito shan iska, na kira shi na gaya masa abin da na gani. Ya saurare ni da murmushin nan nasa na 'yan kasuwa. Ya ce zafin alama ce ta man yana aiki, in bai yi zafi ba to jabu ne. Ya ce kowa ya san ado da wahala yake zuwa, ko mai takalmi mai tsini ai ba daɗi take ji ba. Na ce to shi me ya hana shi kwanciya a kujerar?

"Haba Doña Aleida, wa zai tsaya kallon bakin ƙato? Ke dai ki ci gaba da kankare ƙanƙararki, ki bar likitoci da aikinsu."

Na ji kamar in jefe shi da abarba. Amma na yi shiru, domin rabin masu jiran layi a gidansa a rumfata suke zama su sha sanyi kafin a kira su.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Ta daina cin soyayyar agada, ta daina cin nama, ta daina shan lemon tsami. Abincinta ya koma romon miya mai ɗumi-ɗumi da shinkafar da ta dahu ta yi luguf, sai ruwan mazarƙwaila da take zuƙa da tsinken roba ta gefen baki. Rigunanta suka yi mata yawa. In za ta tsallaka titi sai ta rufe baki da tafin hannu, don iskar da mota ke kaɗawa ma ta ishe ta. Gefen haƙoranta na gaba ya fara yin garai-garai, kana iya hango inuwar harshenta ta cikinsu, dasashinta kuwa man ya ƙone shi ya yi fari-fari yana saɓulewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Wilmar murna ya yi. Da can sai ta kwana biyu tana guntsar gahawa kafin haƙoran su rine, yanzu sun rarake suna shan launi cikin rabin yini. Ya ce wa uwarsa bakin ya saba da aiki.

Na shiga wurin Doña Eufemia wata Litinin, na same ta a kicin tana ɓare rogo. Mun daɗe tare, coci ɗaya muke zuwa, na ɗauka za ta ji maganata. Ta ce in bar ta da yaran zamani da rakinsu, ita ta haifi bakwai, kowanne washegari take tashi ta niƙa masara. Ta ce yarinyar nan da jaka ɗaya ta sauko daga kwalekwale, yau ga ta da ɗaki da gado da fanka, ba a sa ta dako ba, ba a sa ta wankau ba, kwanciya kawai take yi a kujera ta buɗe baki, wannan ma ya zama abin kuka? Ƙanwar Wilmar, Dayana, mai gyaran farce a ɗakin baya, ta leƙo ta sa baki. Ta ce da ita ce ake kallo a waya kowane mako har a gane ta a cikin bas, ai da ta gode wa Allah. Duk wannan Maryuri tana tsakar gida tana shanya, tana jin mu, ba ta juyo ba.

Sai da na yi ƙarya kafin na kai ta asibiti. Na ce za ta raka ni kasuwa ta taya ni ɗauko kankana, muka zarce ƙaramin asibitin gwamnati. Likitar haƙorin wata matashiya ce mai gilashi. Ta duba, ta ɗan hura iska a kan haƙori ɗaya, Maryuri ta zabura har ta buge tiren kayan aiki. Likitar ta ajiye madubinta ta tambaya sau nawa aka yi mata bilicin. Maryuri ta ce ba ta ƙirga ba, kowace Asabar dai tun watan Fabrairu, ga shi muna cikin Oktoba. Likitar ta ja kujera ta zauna a gabanmu.

Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce haƙori yana da ɓawo mai tauri da ke rufe da shi, kuma shi ba fata ba ne, in ya tafi ba ya dawowa. Ta ce na Maryuri saura kaɗan, amma kaɗan ɗin nan zai iya riƙe ta har tsufa in an bar shi ya huta. Ta shafa mata wani magani, ta ba ta man goge baki na musamman, ta rubuta takarda. Ta kama hannunta ta ce, "Ki ji ni da kyau. Kada ki ƙara bari a shafa miki komai. Kuma ko wa ya ce zai gurza miki su ya liƙa wani abu a kai, ki gudu." Ta tambayi sunan wanda ya yi aikin don ta kai ƙara. Maryuri ta ce wata mata ce a wani gari, ta manta sunanta.

A hanya na ce mata don me ta rufa masa asiri. Ta ce in aka rufe falon nan ita za a ce ta kashe gidan, kuma a gidan take kwana, ba a asibiti ba.

Takardar ta kai wa Wilmar da hannunta, tana tsammanin hatimin likita zai yi abin da hawayenta bai yi ba. Ya karanta a bakin ƙofa, a gabana, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce likitocin nan haushi suke ji don talaka ya gano sirrinsu, so suke kowa ya je wurinsu. Amma ya ce shi mai tausayi ne, zai ba ta hutu. Hutun mako biyu ya yi. A mako na uku masu zuwa suka ragu, wata yarinya a unguwar gaba ta buɗe irin sana'ar, sai ga Doña Eufemia da kanta ta dafa gahawar ta kai wa surukarta ɗaki. Ta ce mata, "Sau ɗaya dai, 'yata, don mutane su san muna nan." Sau ɗayan nan ne ya kai su har Disamba.

A Disambar ne haƙorinta ɗaya ya karye a kan burodin rogo mai laushi, irin wanda jariri ma zai iya ci. Rabin na gaba na sama ya ɓalle ya faɗo mata a cinya. Wilmar ya yini yana faɗa, wai da gangan ta yi don ta kashe masa kasuwa a lokacin bukukuwa, lokacin da kowace mace ke son fita da farin baki. Washegari kuma sai na gan shi yana fito yana wanke babur. Ya ce mini Allah ba ya rufe ƙofa bai buɗe taga ba. Akwai wani kwas na kwana uku da ake yi a wani otal, ana koyar da yadda ake gurje haƙora a liƙa musu wani farin danƙo mai daskarewa kamar tangaran. Ya ce bilicin ya zama tsohon yayi, yanzu wannan ake yi, kuma duk garin nan ba wanda yake da bakin gwaji mai kyau kamar nasa, ga karaya, ga rini, komai ya haɗu.

Kwana ukun da ya yi ba ya nan na yi ta bin Maryuri. Na ce ta ɗauko Saray ta dawo ɗakina na baya, ko in sa ta a motar Buenaventura, garin bakin teku, ta hau jirgin ruwa zuwa wurin uwarta. Na tuna mata abin da likita ta ce. Ta zauna a bencina, tafin hannunta a kan baki, ta cikin yatsu take magana.

"Doña Aleida, ya ce in ya rufe su zafin zai daina."

Na ce ƙarya yake yi.

"Na sani, wataƙila ƙarya ce. Amma wata goma ban sha ruwa na ji daɗinsa ba. Ko kare ne ya ce mini zai daina, zan bi shi."

Ni da nake shan ruwan sanyi duk lokacin da na ga dama, me zan gaya mata?

Ya dawo da takardar shaida mai zanen zinariya, ya rataye a falo. Injin gurzar likitoci bai samu ba, sai ya ari na Dayana, ɗan ƙaramin nan da take kankare farcen roba da shi, ya ce ai duk juyawa suke yi. Allurar kashe zafi ba a sayar wa irinsa, sai ya fesa mata wani abu a dasashi ya ba ta ƙwaya biyu. Wannan aikin bai nuna shi kai tsaye ba, ya ce sai an gama. Doña Eufemia ta ƙure rediyo ta ɗauki Saray suka tafi gidan maƙwabta. Daga rumfata, duk da kiɗan, ina jin kukan injin nan yana tashi yana sauka tun hantsi har rana ta karkata. Na tsallaka sau biyu na buga ƙofa, Dayana ta ce mini ta taga Dokta yana aiki. Na koma na zauna. Ban kira kowa ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake kai wa gaban Ubangiji har yau.

Haƙora goma ya gurje, ya mayar da su 'yan tsinkaye kamar ƙwayar shinkafa, ya lulluɓe su. Hoton ya zagaya gari fiye da duk na baya. Layi ya dawo har bakin rumfata.

Zafin ya ragu na 'yan makonni, gaskiya ne. Sai dasashin ya kumbura ya fara jini, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashin danƙon, bakinta ya fara wari. Sannan lulluɓin ya fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, domin aikin ɗan koyo ne. In ɗaya ya faɗi, ɗan tsinken da ke ƙasa ba shi da wani rufi, numfashinta ma ya isa ya durƙusar da ita. Na sake kai ta wurin likitar nan mai gilashi. Ta duba, ta cire safar hannunta, ta ce abin da za a iya cetowa an riga an gurje shi. Gyaran yanzu babban aiki ne da ba a yi a asibitinsu, sai dai ta sa sunanta a layin jira na babban asibiti, kuma layin ya fi shekara. Kafin nan, mai liƙa mata lulluɓin in ya faɗi mutum ɗaya ne, Wilmar, kuma ya gane haka. In sun yi faɗa sai ya ce danƙo ya ƙare, sai jibi.

A watan Maris ta zo da kanta ta ce ta yarda, za ta tafi. Muka shirya ran Asabar, lokacin da falon ke cike kowa yana harkar gabansa. Ta fito da Saray kamar za su sayi cholado, kayanta na riga na kwaso su kaɗan-kaɗan cikin buhun lemo. Na rufe rumfa, muka hau tasi zuwa tasha. Har mun zauna a benci muna jiran motar Buenaventura, Saray tana wasa a cinyarta. Yarinyar ta ɗago kai da sauri, ƙeyarta ta bugi bakin uwar. Bugu ne ɗan kaɗan, irin wanda kowace uwa ke sha sau goma a yini. Lulluɓi biyu suka faɗo ƙasa.

Maryuri ta dafe baki ta dunƙule. Na ce ta daure, awa uku ne zuwa bakin teku. Ta girgiza kai. Ta ce daga can kuma sai yini guda a jirgin ruwa cikin iska, sannan Guapi, inda ba mai liƙa mata ko ɗaya, ga sauran takwas suna jiran ranarsu. Motar ta zo, mutane suka shiga, ta tashi. Maryuri ta durƙusa ta lalubo fararen ɓallayen nan biyu daga ƙarƙashin benci, ta goge su da rigarta, ta ƙulle a hannu. Ita ta tare mana tasin komawa.

Wilmar bai yi faɗa ba. Ya dubi buhun lemon da ke hannuna, ya dube ta, ya ce ta zauna a layi, akwai mutum huɗu a gabanta. Ta zauna a cikin baƙi da haƙoranta a tafin hannu har ya sallami na ƙarshe. Doña Eufemia ta karɓi Saray ta ce, "Kin gani ko, 'yata? Duk inda mutum ya je gida ya fi." Tun daga ranar ba a ƙara barin yarinyar ta fita tare da uwarta ba.

Yau shekara guda ke nan. Wilmar ya fasa bango ya ƙara kujera ta biyu, Dayana ta bar farce ta koma baki. A coci ana nuna Doña Eufemia ana cewa ga uwar Dokta. Ba wanda ya daki Maryuri, ba wanda ya kulle ta a ɗaki, in ka kai ƙara ma za a tambaye ka ina raunin. Ƙofar gidan a buɗe take yini, tana iya fita duk lokacin da ta so, iyakarta inda za ta iya dawowa kafin zafi ya kayar da ita.

Kullum da hantsi tana zaune a bakin ƙofar tana karɓar baƙi. Haƙoran da ya liƙa mata sun fi bakinta girma, leɓunanta ba sa haɗuwa a kansu ko tana barci. Jiya wata mata da ta zo daga nesa ta zauna a bencina tana jiran layi, ta daɗe tana kallonta ta tsallaken titi, sannan ta juyo ta ce mini, "Wannan baiwar Allah ta yi dacen miji. Tun da na zo ban ga ta daina murmushi ba."